Daga Kwalba Zuwa Leda

Ƙanena yana da amosanin jini, kuma duk gidanmu jinina kaɗai ya dace da nasa. Tun ina saurayi Inna ta hana ni yin nisa. A shekarun da ake gina madatsar Bakolori, katafila ta baje gonarmu ta Ruwan Gizo don a ja hanyar ruwa, aka ce mu jira sabon rabo. Sa'o'ina suka watse neman aiki, wasu Maradun, wasu har Kurmi. Ni kuwa ba gona, ba tafiya, sai jiran ranar da idon ƙanena zai yi fari.

In ya yi fari, a keke nake kai shi asibiti Talata Mafara. A kwalba ake ɗibar jini lokacin. Ina kwance a benci ina kallonta tana cika, da kumfa a sama, in tashi jiri yana ɗibata.

Wata damina muka je, na tarar babu kwalba. Wata leda ce mai kauri, da siririn tiyo da allura a jikinta. Ma'aikacin jinya ya ce iska ba ta shigarta, ba ta fashewa, kuma a firji jini yakan yi makonni bai lalace ba. Da ta cika ya ɗora mini ita a tafin hannu, da ɗuminta, tana lotsawa kamar hanta.

Ran nan da gudu na tuƙo keken gida. Akwai wani direban tifa da ya yi alkawarin koya mini mota a Sakkwato. Na ce wa Inna zan bar jini a ajiye in tafi.

Ba ta daina tankaɗe ba ta ce, "In wani ya riga ƙanenka buƙata, hana shi za a yi?"

Duk da haka, da na murmure na koma na bayar da leda guda. Kafin sati wani lebura da ƙarfe ya danne wa cinya a wurin aikin dam ya zo jina-jina, aka sa masa. Ya rayu, har ya zo gida godiya, da goro. Na karɓa, na yi masa barka, na rasa wanda zan yi fushi da shi.

Tifar ta tafi. Na sayi famfo da gam, na kafa faci a gindin wata bishiyar bedi kusa da ƙofar asibitin, inda ko an aiko ba za a sha wahalar nemana ba.