Sha Bakwai Bisa Ashirin

A Maraɗi na fara sakandare, wajen kawuna, na yi shekara uku kafin babanmu ya dawo da ni Kontagora. A makarantun Nijar bisa ashirin ake ba da maki, kuma malamansu marowata ne, wanda ya samu sha biyu har barka ake yi masa. Ni sha bakwai na taho da shi.

Shugaban makarantar da aka kai ni bai iya Faransanci ba, tambaya ma bai iya ba. Ya ga 17, ya ɗauka bisa ɗari ne irin namu na nan. Ya kuma ga daga aji shida na koma biyar, daga biyar na koma huɗu. Bai san can da baya-baya ake ƙirga azuzuwa ba.

"Alhaji, 'yar nan taka kullum baya take ci," in ji shi.

Na buɗe baki, babanmu ya harare ni. Aka mai da ni aji ɗaya. Washegari mutumin nan ya ɗaga takardata gaban ɗalibai duka ya karanta. Har na gama makarantar, Sha Bakwai ake kirana. Shekara uku ya cinye mini, kuma ban yafe ba.

Malamar Faransanci na zama. Bara sai ga shugaban nan a ƙofar gidana, ya tsufa, yana dogara sanda, an ce masa ina karanta takardun Nijar. Jikansa ke jami'a a can, ya aiko da sakamako, sha huɗu. Tsohon ya rantse sai ya dawo da shi gona a Salka. Bai gane ni ba.

Wallahi raina ya so in ce yaron ya faɗi. Na daɗe ina juya takardar, ina jin daɗin yadda yake zufa. Amma yaron bai yi mini komai ba.

"Ya ci, Baba. Bisa ashirin ne."

Ya yi hamdala. "Ashe haka suke yi? To, gwanayensu nawa suke samu?"

"Sha bakwai. Na taɓa samu. Kai ma ka karanta wa makaranta."

Ya ɗago ya dube ni. Ban sunkuyar da kai ba. Na miƙa masa takardar, na bar shi yana laluben takalminsa.