Sandar Baffa

A shagona na Gummi ƙafafun kujera nake juyawa a inji, biron katako kuwa sha'awa ce ta sa na koya. Aikin ba wuya sai wuri ɗaya. Ka huda guntun itace, ka kankare bututun tagulla da samfefa, ka soka bakinsa cikin dankali don kada gam ya shiga ciki. Sai ka zura shi a ƙusa mai kauri, ka shafa gam, ka murɗa shi cikin hudar a tashi ɗaya. Gam ɗin nan ba ya da mutunci, ka tsaya ya kama.

Surukina, da muke kira Baffa, makiyayi ne a ƙasar Bukkuyum har shekarar da aka kore masa shanu kaf. Bayan nan ya aiko matata da sandar kiwonsa, wai in fitar wa autansa biro, tunda yaron makaranta zai wuce. Sandar duk ta tsage. Da ƙyar na samu taki ɗaya mai lafiya, wurin da tafin hannunsa ya goge har yana sheƙi.

Ranar kasuwa na huda ta, na shafa gam. Bututu ya kai rabi ke nan na ji sallama a bakin ƙofa. Muryar Baffa! Wallahi ban san sanda na saki ƙusa ba. Na tuɓe takalma na durƙusa, kaina a ƙasa. Wa zai tsaya ƙerere gaban suruki yana murɗe-murɗe?

"Kun zo lahiya, Baffa? Ya hanya? Ya Inna? Ya shanu?"

Kaico, bakin nan nawa! Sabawa ce ta fitar da tambayar shanun. Ya ce, "Alhamdulillahi."

Da na miƙe, gam ya gama aikinsa. Bututu rabi ciki rabi waje, kamar haƙorin da ya ƙi fita. Kunya ta ruɗa ni, na ɗauki guduma na ɗan buga. Itacen ya dare gida biyu a gabansa.

Ya sunkuya ya tsince su, ya haɗa a tafinsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya zuba a aljihu. Da zagina ya yi da na ji sanyi. Sai cewa ya yi, "Allah shi yi albarka," ya fita. 

Da kasuwa ta zagayo, matata ta shigo da wani itace a ƙunshe cikin mayafi. Ƙotar fartanya ce, ba ta ma tsufa ba.

"Baffa ya ce ka yi da wagga," in ji ta, ba ta dube ni ba. "Ya ce ba shi zuwa sai ka gama. Kuma wai kada ka damu, dama shi yanzu manomi ne."