Taken Manoman Shinaka

Ni ne magatakardan ƙungiyar makaɗan gargajiya ta yankinmu, alhali ko gwangwani ban iya kaɗawa ba. An ɗora mini aikin ne don ina koyarwa a firamare a Wurno, rubutuna yana karantuwa, kuma ba ni da bakin cewa a'a idan tsofaffi suka taru suka zuba mini ido. Ƙarshen kowane wata nakan tattara labarin 'yan ƙungiya da abubuwan da ke tafe, in rubuta, sannan in karanta a saƙon murya in tura musu ta waya, domin yawancinsu ba su yi boko ba.

Da can labarin yana da daɗin karantawa. Mai kukumarmu na Rabah ya samu ƙaruwa, suna ranar kaza. 'Yan kalangun Achida za su raka amarya. Akwai kokawa bayan kaka, kowa ya ɗaure gangarsa da kyau, kada a maimaita kunyar bara. Har faɗa ake yi da ni don na ambaci wane kafin wane, kamar ni na raba musu shekaru. Daga baya labarin ya koma ta'aziyya da jaje da ɗage taro. Na faɗi "an ɗage" har matata ta ɗauki kalmar, in na tambayi tuwo sai ta ce mini an ɗage.

A cikinmu akwai wani tsoho mai gangar noma, mutumin Shinaka, dukanmu Baba muke ce masa. Da 'yan bindiga suka matsa wa gefensu, shi da mutanen unguwarsu suka taso suka dawo Goronyo. Shi ya sauka gidan 'yarsa, sauran kowa ya raɓa inda ya samu.

Ga wanda bai taɓa zuwa gayya ba, abin haka yake. Manoma sukan jeru a bakin gona, kowa da kunyarsa, makaɗi yana biye da su a baya. Kowane manomi yana da takensa, wato kiɗan da yake nasa shi kaɗai, ko ya gada daga ubansa, ko an yi masa ranar da ya fara tsere wa sa'o'insa. In ya ji shi, ko ya gaji tilis, sai ya ɗaga galma sama ya yi kuwwa ya sake duƙawa. To, taken manoman Shinaka Baba ne kaɗai ya rage da ya san su. 'Ya'yansa maza ba wanda ya ɗauki ganga, ɗaya tela ne, ɗaya yana kai albasa kudu. Ga shi hannunsa na dama ya fara rawa. Ranar da na ga shayi yana zuba a rigarsa kafin kofi ya kai baki, hankalina ya tashi. In hannun nan ya ƙare, shi ke nan, babu wanda zai sake jin ko ɗaya.

Na je na same shi a zauren 'yarsa, na gaishe shi, na ce, "Baba, ka buga mini su in ɗauka a waya."

Ya ce, "Ka ɗauka ka kai ma wa?"

Na ce a ajiye, don na baya.

Ya yi ɗan murmushi. Ya ce, "Malam, take ba waƙa ba ta. Kira na. Ba a kiran mutum in babu aiki. Ka kai ni gona, ka jera man su, sannan ka ɗauki abin da kaka so."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. A labarin watan nan na sa gayya a kan gaba, har da kirari. Wani manomi a Sisawa ya yarda a yi a gonar geronsa, muka shirya motar da za ta kwaso mutanen Shinaka daga Goronyo. Saura kwana uku dattawan wurin suka aiko mini. Suka ce noma a zo a yi, amma ban da ganga, domin ƙararta tana kaiwa daji, kuma wanda ke daji in ya ji ta ya san maza sun taru wuri ɗaya. Me zan ce musu? Gaskiya suka faɗa. Na ɗauki waya na sanar an ɗage. Muka koma kan wata fadama kusa da Goronyo, mai ita ya ce shi 'yan ƙwadago yake so su yi shiru su gama kafin la'asar kowa ya kama gabansa. Muka samu wata a gefen Rabah, aka ce hanyar ba ta biyuwa a wannan makon, makon ya zama wata. Damina biyu ina karanta gayya a cikin abubuwan da ke tafe, har mai kukuma ya fara ce mini sarkin gayyar waya.

Farkon damina ta uku na koma wurin Baba. Na tarar ya fito da ganga yana shafa mata mai. Ya ɗauki makaɗi, wato sandar kiɗan, zai gwada fatar, makaɗin ya suɓuce ya faɗi. Ya ɗauka, ya sake faɗuwa. Ni mutum ne mai saurin fushi, na sani, ɗalibaina ma sun sani. Raina ya ɓaci, ba da shi ba, da komai, amma shi ne a gabana.

Na ce, "Baba, mi kaka jira? Gonar nan ba a samun ta. So kakai ka tahi da su kabari?"

Na ji 'yarsa ta yi gyaran murya daga cikin gida. Wallahi har yau in na tuna kunya nake ji, tsoho sa'an ubana na yi wa wannan magana a zaurensa. Ya yi ta murza yatsunsa.

Can ya ce, "To, Malam. Amma na matattu kaɗai, waɗanda ba su bar magaji ba. Su ko an kira su ba su zuwa."

Na fito ina jin kamar na ci jarrabawa. Daren nan ban ma jira ƙarshen wata ba, na tura sanarwa: ranar Asabar da hantsi, a farfajiyar wani tsohon sito na albasa a bakin garin Goronyo, 'yan ƙungiya kaɗai. Har na ƙara da cewa wannan karon ba a ɗagewa. Bai zo mini a rai ba ko kaɗan in taka in gaya wa mutanen Shinaka. Ba 'yan ƙungiya ba ne, saƙona ba ya kai musu, ni kuwa a ganina abin bai shafe su ba.

Daren Juma'a aka yi ruwa mai yawa. Da safe gari ya tashi da ƙamshin ƙasa, irin safiyar da ko malamin makaranta sai ya ji yana son riƙe hauya. Mu kaɗan ne: ni, da mai kukuma, da 'yan kalangu biyu daga Achida. Baba ya ajiye ganga a rana ta ɗan sha zafi, ya ja tsirkiyarta, ya rataya, ya miƙe tsaye da ƙyar. Na kunna waya na ɗora a kan wani bulo. Ya faɗi mai taken farko, ya yi masa addu'a, ya sauke makaɗi.

Na manta girman gangar nan. Kwanon rufin siton ya ɗauki ƙugi, na ji ta a cikin haƙarƙarina. An yi ta ne don wanda ke gida ya ji daga gona, ni kuwa na kawo ta bakin gari.

Akwai abin da ban sani ba, kuma ina jin shi ma Baba bai taɓa lura ba, tunda bai taɓa buga su a wajen gona ba. Ba ɗai-ɗai ya riƙe taken ba. Da jeri ya riƙe su, yadda mutanen suke tsayuwa a bakin gona, daga na gabas zuwa na yamma, wane kusa da wane. Na farko da na biyu ya tsaya ya tsallake masu rai. Daga na uku ya rufe ido, kafaɗunsa suka fara motsi, ƙafarsa tana takawa kamar mai bin kunya, hannun ya bi jeri yadda ya saba shekara da shekaru. Hannun da ba ya iya riƙe kofi, ko kaɗan bai yi rawa ba.

Mai kukuma ya taɓa ni, ya sunkuyo kunnena. Ya ce, "Malam, mai wanga take shina nan da rai. Shekaranjiya na gane shi kasuwa shina dako."

Na dubi waya, na ga tana ɗauka. Na dubi Baba. Na ce, "Bar shi."

Wannan laifin nawa ne ni kaɗai. An gaya mini da wuri, na ji, na zaɓi wayar.

Ba a jima ba wani dogon mutum ya shigo ta ƙofar farfajiyar yana haki, da tsohuwar rigar noma, galma a kafaɗa. Sai wani a bayansa. Sai wani dattijo da 'yar hauya da gani aro ce. Kafin a ce haka sun kai bakwai ko takwas, wani da laka a hannu don daga wurin buga bulo ya taho. Suka tsaya suna dube-dube. Babu abin gani sai daɓen siminti da ya farfashe, da buhunan albasa da suka ruɓe, da mu. Ba wanda ya gaya musu, amma sai da suka jeru, kowa kusa da wanda ya saba.

Baba ya buɗe ido. Makaɗi ya tsaya a sama.

Dogon nan ya matso ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya kamata, ya tambayi gajiya da iyali, bai yi gaggawa ba. Sannan ya ce, "Baba, na ji kira. Hanyar gida ta buɗe?"

Ya waiwaya ya dubi daɓen simintin.

Ya ce, "Ko wata gona anka samu nan kusa?"

Baba ya juyo ya dube ni. Dole na miƙe. Na yi musu bayani irin na aji, na ce ɗauka muke yi a waya, don tarihi, don kada al'ada ta ɓace, don jikokinsu su ji. Ina magana ina jin yadda maganar ba ta da gishiri. Sun saurare ni har na gama, ba wanda ya katse ni. Dogon ya ce, "To, Malam. Allah shi saka da alheri." Da marina ya yi da na fi samun sauƙi.

A al'adarsu wanda aka buga wa take ba ya komawa gida da busasshiyar galma. Dattijon nan ne ya fara. Ya je gindin katanga inda siminti ya ƙare, ruwa ya jiƙa 'yar ƙasa, ya sara sau ɗaya. Sauran suka bi, ɗaya bayan ɗaya, ba kuwwa, ba kirari. Suka saɓa suka fita.

Baba ya sauke ganga, ya sassauta tsirkiya. Ya ce, "Malam, kashe abinka. Saura sai gona."

Ban yi musu ba, kuma ban sake roƙonsa ba. Ko rabin jerin bai kai ba. Yanzu 'yarsa ce ke ba shi abinci a baki, gangar tana rataye a zaure. Abin da na ɗauka yana nan a wayata, ba na iya kunna shi a gaban kowa. Da na zo karanta labarin watan, na ce an yi zama a Goronyo an tashi lafiya, na wuce zuwa ta'aziyya.

Amma ranar ban tafi gida kai tsaye ba. Da na fito, dogon nan yana tsaye a bakin ƙofa yana jirana.

Ya ce, "Malam, kai ka iya magana. Da nij ji take, na ce ma mai ɗakina ta ɗaure kaya. Taho ka gaya mata abin da kag gaya muna."

Na bi shi. Muka ratsa bayan kasuwa, muka tsallake kwatoci da ruwan daren ya cika, shi a gaba ni a baya. Ina ta shirya magana a raina, duk wadda na ɗauko sai in ga ba ta faɗuwa. Wani kango ne da ba a gama ginawa ba suke ciki, an rataya buhu a matsayin ƙofa.

Tana zaune a waje a kan ƙunshin tabarmi, ta sa hijabi. Tukwane biyu a ɗaure cikin zane, kaza ɗaya an ɗaure mata ƙafa, ga wata ƙwarya a cinyarta an rufe da faifai, ta gefe na hango irin gero ne. Da ta gan mu ta miƙe. Ba ni ta duba ba, galmar mijinta ta duba. Ta ga ɗanyar ƙasa a bakinta, fuskarta ta saki.

Mijin ya matsa gefe ya bar ni a gabanta. Ta gaishe ni, na amsa. Ta gyara riƙon ƙwaryar.

Ta ce, "Malam, mota za mu shiga, ko ƙasa za mu bi?"