Dattijuwa da Birkinta

A filin tseren motoci na Tsukuba a ƙasar Japan, wata dattijuwa tana durƙushe gefen tsohuwar mota, tana ƙara ɗaure notunan taya. An manna "Kuwahara, sabuwar shiga" a gilashin. Rigar tserenta ta namiji ce, har ta naɗe hannayen. Ina zaton ta mijinta ce, shekaru ta yi tana kallon tserensa daga bayan shinge.

Mai duba motoci ya taka birkin motarta, ya sake takawa. Idan ya ƙi amincewa da birkin, sai gida.

"Mama, wa ya gyara miki?"

"Ni ce. Wata uku ina fama."

"To, shiga layi. Kada dai ki kunyata samarinmu."

Ta zauna daɓas a kwalta, tana dariya tana share ido.