Gayaunar Ɗan Doguwa

Damina ce, marka ta kankama. A shekarar ruwa ya makara har mutane suka fara kallon sama da faɗuwar gaba, da ya sauko kuma bai ƙara tsayawa ba. Masara ta yi duhu tun daga bakin Ƙafin Maiyaki har inda ido ya ƙare, duk wanda ka gamu da shi fuskarsa a sake take. Ni ce dai wani abu ya tsaya mini a rai, kuma ba na gona ba ne.

Babban ɗana malamin motsa jiki ne a wata kwaleji ta wajen Bebeji. A shekarar aka ɗora shi kocin 'yan ƙwallon makarantar, aka ce ya nemo mataimaki. Ya ɗauko abokinsa da suka yi karatu tare, wani dogon mutum ɗan Doguwa, mai yawan raha. Tun da ba shi da kowa a nan, a zaurenmu yake cin tuwo. Ya kan leƙo daga bakin ƙofa ya ce, "Inna, da 'yan bayana za su tsaya ƙyam kamar tuwon nan naki, da babu mai zura mana ƙwallo."

Sai na ga kwanon da nake aika musu yana dawowa da saura. Daga baya babur ɗaya kawai nake jin tsayuwarsa a ƙofar gida. Ban tambaya ba. Wata ranar kasuwa da hantsi ɗan Doguwa ya yi sallama shi kaɗai, ya durƙusa ya gaishe ni, ya daɗe yana murza hularsa.

"Inna, sallama na zo yi. Wata ƙungiya a Tudun Wada ke nemana."

"Tuwon ne ya gundure ka?"

Ya yi dariya, amma ba irin tasa ba. "Ba faɗa muka yi ba, Inna. Da faɗa ne ma da ya fi sauƙi. Shi ya ce in riƙe 'yan baya, masu tsare gaban gola. In na tsara su, sai ya hura usur ya rushe a gaban ɗalibai. In ce su matso, ya ce su koma. Yanzu in na yi magana, shi suke kallo kafin su ɗaga ƙafa. To me na zama? Mai tsince ƙwallaye."

Ya ce gasar kwalejoji ta matso, kuma ya san in ya tafi ɗan nawa ba zai iya da aikin shi kaɗai ba. Na roƙe shi ya dakata har a yi wasan farko. Ya ce don ni, zai dakata.

Da ya fita na rasa inda zan kama. Ɗan nawa ɗan fari ne. Tunda na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zaunar da shi na kalli idonsa na yi masa doguwar magana ba. Haka na tarar iyayenmu suna yi, haka jikina ya saba. Na gwada mahaifinsa, ya ce shi ba ya shiga sha'anin manya masu gudu da gajeren wando.

Ran Juma'a da safe na ce a gaya wa wancan ɗan nawa ya kai ni gona in tsinko rama. A kan babur ba ya ganin fuskata, ni ma ƙeyarsa kawai nake gani. Nan bakina ya buɗe.

Muka wuce gandu, babbar gonar gida wadda kowa ke yi wa aiki da safe bisa umarnin mahaifinsu. A gefenta akwai ɗan tudun da aka taɓa yanka masa gayauna yana saurayi, tasa ta kansa, ya noma abin da ya ga dama da yamma da ranar Juma'a.

Na ce, "Ba nan ne wani ya taɓa shuka shinkafa ba?"

Ya yi dariya har babur ya karkace. "Inna, ba za a manta da shinkafar nan ba? A kan tudu! Ko bunu ba ta yi ba."

"Babanku ta nan yake bi kullum. Ya gan ta tun tana tsiro."

"Bai ce mini komai ba."

"A gida yake faɗa mini. Ya ce in ya tuge ta, gonar ta koma tasa, kai kuma ka koma ɗan ƙwadago."

Muka ratsa wani kududdufi. Ya gane inda na nufa, don ya ce, "Ɗan Doguwa ya zo wurinki ke nan. Inna, ƙwallo ba gona ba ce. In aka ci mu, ni shugaban makaranta zai kira, ba shi ba."

"Shekarar shinkafa ma babanku aka yi wa dariya a kasuwa."

"Ai ba kullum yake shiru ba. Ranar da na yanka magudana ya tsawata mini."

"Don ruwan zai gangara cikin gandu ne. Kuma a gefe ya kira ka, ba a gaban ƙannenka ba."

Ban ƙara ba. Na tsinki ramata, shi kuma ya tsaya a bakin tudun yana taka iyakar da ƙafa, inda tsohon layin gamba ya raba gayauna da gandu. Har muka dawo ban san ko maganar ta shiga ba.

Ranar wasan ban je fili ba, ban taɓa zuwa ba. Ina tankaɗe bayan La'asar, kunnena yana ƙofar gida. Rana ta yi sanyi sai na ji babur ya tsaya. Kafin in sauke numfashi na ji na biyu.

Da musu suka shigo zaure. Ɗan Doguwa ya leƙo, wandonsa duk taɓo. "Inna, kunnen doki muka yi! An zura mana ɗaya, kuma laifina ne, na sa su matso da yawa. Kin san me ɗanki ya yi? Ya miƙe zai yi ihu, sai ya cusa hularsa a baki ya zauna. Sai da aka tafi hutu ya ja ni bayan benci."

Daga ciki ɗan nawa ya ce, "'Yan baya naka ne, na ce. Amma in za ka tura su gaba su cakuɗe da 'yan tsakiyata, sai ka tambaye ni."

"Ranka ya daɗe, mai gandu! Hular ta yi daɗi?"

"Wuce ka wanke hannu, dogo."

Ba wanda ya ambaci Tudun Wada, ni ma ban tambaya ba. Kwanon da na aika ya dawo a suɗe, har aka ce ko akwai ƙari.

Washegari da safe na ciro babban kwanon nan mai murfi da na ajiye a ƙarƙashin gado, na wanke shi na kife a rana. Da na zo auna masarar da za a kai niƙa, na ƙara tafi biyu a kai.