Takardar da Aka Hana Jikan Letchumi

A gonar roba aka haifi Letchumi, a layin leburori 'yan ƙabilar Tamil. Da aka sayar da gonar ta koma birnin Klang, ta samu aikin shara da goge-goge a wani asibitin ƙwaƙwalwa na matasa. Shekara goma sha tara tana jan bokiti a baranda ɗaya, har ma'aikata suka daina sassauta murya idan tana wurin. Ta sha jin yadda ake magana a kan yaran. In ɗan ƙabilar Malay ya fasa taga, a ce ciwon ne ya motsa. Ɗan Sin kuwa iyayensa su ɗauke shi zuwa asibitin kuɗi, magana ta mutu. In nasu ne ɗan Tamil, sai wani ya taɓe baki ya ce, "Tarbiyya ce, daga gida take."

Ta yi ta haɗiyewa, har abin ya zo kan jikanta Thinesh.

Tun da mota ta kashe uban yaron, barci ya ƙaurace masa, yana jin muryoyi. Ita ta kai shi asibitin da hannunta. A layin karɓar magani ya yi aboki, Hafizi, ɗan Malay mai irin ciwonsa. Wata ranar Asabar su biyun suka ɗauki babur ɗin wani mai kai saƙo, Hafizi na tuƙi, suka afka rumfar mai kankana.

A ofishin 'yan sanda, Letchumi na tsaye, sajan ya dafa kafaɗar Hafizi. "Kai yaro, ka sha maganinka yau kuwa?" Ya juyo kan Thinesh. "Kai kuma, wace daba kake? Cire riga mu ga zanen dabar a jikinka."

"Ranka ya daɗe, magani ɗaya suke sha," in ji Letchumi.

"Iya, kowa haka yake faɗa."

Ranar Litinin ta ajiye tsintsiya ta shiga ofishin jami'ar da ke rubuta wa kotu bayanin marasa lafiya. Ta ga takardar Hafizi a kan tebur, har an buga hatimi.

"Yaya Letchumi, na jikanki daban ne," matar ta ce ba ta ɗago ba. "Ke ma kin san unguwarku."

"Na san unguwarmu. Kofin shayinki ma na san shi, shekara tara ina wankewa. Layi biyu kawai nake roƙo, kotu ta san shi ma ba shi da lafiya."

"Za a duba."

Ba a duba ba. Aka damƙa Hafizi a hannun kawunsa, aka tura Thinesh gidan horon yara shekara uku. Da za a shigar da shi mota ya waiwayo ya ce, "Kaka, su ma suna da maganina a can?" Ta ce suna da shi. Wata huɗu ya yi bai ga ƙwaya ɗaya ba.

Uwar Hafizi ta zo har gida da kwanon shinkafar kwakwa, tana kuka, ta ce ɗanta ya gaya wa kowa shi ne ya tuƙa. Letchumi ta san matar ba ta da laifi. Duk da haka ta kasa buɗe kwanon.

Ta bar aikin. Yanzu furanni take sayarwa a bakin wurin ibadarsu. Thinesh ya dawo, ya fi ta tsawo, ba ya magana sai an tambaye shi sau biyu. Yana zaune gefenta yana zura furanni a zare, rabi na zubewa ƙasa. In mai saye ya tsaya yana kallonsa, sai ta ce, "Saya za ka yi ko kallo?"