Buhu Shidan da Na Sa Aka Sauke a Wurno

Laraba: Kagara zuwa Rabah

Ƙarfe shida saura kwata na fito daga gida, gari bai gama wayewa ba, ina riƙe da jakar takardu da kundin ƙungiya. Aikin da aka ɗora mini a matsayina na magatakarda shi ne in je Rabah in karɓo keke mai ƙafa uku da jama'armu suka haɗa hannu suka saya domin kai marasa lafiya asibitin Goronyo. Wani mai walda a can ne ya ƙera masa gado da rumfa a baya. Tun da ba a yi masa lamba ba tukuna, aka yanke shawarar a ɗauko shi a kan tirela. Shugabanmu, Baba Hali, ya raka ni har bakin hanya.

"Malam Sani, keken ga na matanmu na da tsohwahhinmu," in ji shi. "Ka kawo muna shi yadda anka ba ka shi."

Na ce ko ƙwarzane ba zai samu ba. A gaban mutum huɗu na faɗi haka.

Babur ya kai ni Goronyo, na shiga mota zuwa Wurno, na sake wata zuwa Rabah. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma na isa. Na duba keken ciki da waje, na rubuta lambar inji da ta batir, sannan na ɗiga farin fenti a kan kowane babban noti, domin duk wanda aka kwance in gane. Mai walda ya ga abin da nake yi, ya kau da kai.

Abokina Malam Nasiru, wanda muka koyar tare a da, shi ya kai ni wurin mai tarakta da tirela. Mun daidaita, na kuma sa aka rubuta sharaɗi ɗaya a fili: hayar ta ƙungiya ce kaɗai, ba fasinja, ba kayan kowa. Direban, wani dogon mutum mai suna Buda, ya saurari karatun takardar yana sakace.

"Malam, ko amarya za mu ɗauka, ai iyakar ta ke nan," in ji shi.

Ban yi dariya ba. Na kwana gidan Malam Nasiru, aka karrama ni da tuwon gero miyar kuka.

Alhamis: Rabah zuwa Wurno

Ƙarfe bakwai aka jingina tirelar da wani tudu, aka shimfiɗa katako biyu, maza shida suka tura keken ya hau. Na ja birkin hannu, na cire makulli, na sa ido aka ɗaure shi da igiya ta kusurwa huɗu. Na je karɓar rasit wurin mai walda. Minti goma sha biyu na yi. Da na dawo, sai na tarar da buhu shida na takin zamani a cikin tirelar, biyu-biyu a jikin kowace taya.

"Buda, wa ad da waɗanga buhunna?"

"Su za su riƙe ƙahwahun keken, Malam."

"Ba aikinsu nit tambaye ka ba. Na wa na?"

Sai ya tayar da inji, ƙara ta rufe maganata. Na hau na zauna a gefen keken, na rubuta lokacin da abin ya faru. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne an jira sai da na ba da baya.

Mun tashi bakwai da rabi. Sau biyu wayar Buda ta yi ƙara a hanya, sau biyun kuma yana cewa, "Muna tahe, sun shiga." Mene ne ya shiga? Wa yake jiranmu? Hanyar nan kowa ya san halin da ake ciki, kuma sabon keke a saman tirela abu ne da ake hangowa daga nesa. Duk mai babur da ya wuce mu ya waiga, sai in bi shi da ido har ya ɓace.

Kafin shiga Wurno muka iske shingen jami'an tsaro. Takardun keke ba su ɗauki minti biyu ba, domin a jere suke. Sai jami'in ya taɓa buhu da sanda, ya nemi rasit ɗin taki. Buda ya shiga lalube aljihu, sai daga ƙarshe ya zaro wata takarda a ƙudundune daga cikin hularsa. Minti arba'in muka yi a rana. Ni da ban taɓa ɗaukar abin da ba ni da shaidarsa ba, ga ni tsaye ana yi mini kallon mai fasa-ƙwauri.

Wurno

Goma da kwata muka tsaya bakin kasuwa. Na sayi fura da nono ta naira ɗari biyar, amma ban iya shanye ta ba. Na zaro takardar sharaɗi na karanta wa Buda a gaban jama'a. A nan ya amsa cewa takin na surukinsa ne, mai noman rani kusa da madatsar ruwa ta Goronyo, kuma an ba shi na goro.

Na ce a sauke.

"Malam, na yi laihi, na yarda. Amma ka bari mu kai. Ƙasan tirelag ga ƙarhe na, santsi gare shi. Igiya kaɗai ba ta riƙe abu mai taya."

"Wanda yaɓ ɓoye min gaskiya da sahe, ba ni ɗaukar shawaratai da hantsi."

Ya dube ni jim kaɗan, sannan ya sauke buhunan da kansa, ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye su a shagon wani mai sayar da iri. Ya tsinto duwatsu ya cusa a gindin tayoyin.

Wurno zuwa Goronyo

Mun bar Wurno sha ɗaya daidai. Tun ba mu yi nisa ba na lura duwatsun suna zamewa da kowane gargada, ina mayar da su da ƙafa. Ƙarfe ɗaya saura minti biyar muka zo wata gangara, inda ruwan damina ya cinye gefen kwalbati. Buda ya taka birki a hankali ƙwarai, wannan kam ina yi masa shaida. Duk da haka keken ya zame gaba, igiyar hagu ta tsinke, goshinsa ya daki allon tirelar. Fitilar gaba ta tarwatse, ƙarfen da ke samanta ya lotsa. Da ya karkata taƙi ɗaya zuwa hagu, da cikin ramin zai faɗa, da ni da shi.

Buda ya sauko a guje. "Malam, ba ka ji ciwo ba dai?"

Abin da ya fara tambaya ke nan. Bai ce ai ya faɗa mini ba, ko a lokacin ko daga baya. Ya roƙi tsofaffin buhuna wurin wasu masu yankan gero, muka cika su da yashin rafi, ni ina riƙe baki, shi yana zubawa da hannu. Muka jera su biyu-biyu a jikin kowace taya, daidai inda takin yake da safe. Daga nan har gida keken bai sake motsi ba.

Kagara

La'asar sakaliya muka iso, ƙarfe huɗu da minti ashirin. Mata suna guɗa daga cikin gidaje, dattawa suna jira a ƙofar Baba Hali. Da aka sauko da keken, guɗar ta tsaya. Wani ya ce dama direbobin haya haka suke, a riƙe shi sai ya gyara. Buda yana tsaye, hula a hannu, bai kare kansa ba.

Na buɗe kundi na karanta musu komai da lokacinsa: buhu shida da aka ɗora ba da izini ba, gargaɗin da direba ya yi mini a Wurno, da amsar da na ba shi. Sannan na rubuta layi na ƙarshe a gabansu, na karanta da ƙarfi: fitila ta fashe bisa umarnin magatakarda, gyaranta a wuyansa yake.

Baba Hali ya shafa inda ya lotsa. "Injin lahiya lau?"

"Lahiya lau, Baba. Ko noti ɗaya ba a taɓa ba, ga hwentina nan."

"To, a kawo ma baƙo ruwa."

Har yau ina nan a kan bakana cewa Buda bai kyauta ba da ya jira na ba da baya. Amma ranar Asabar ni na koma Wurno na sa aka kai wa surukinsa takinsa, domin shukarsa ba ta yi mini laifin komai ba.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Malam Nasiru da iyalinsa, da masu yankan geron da ban san sunayensu ba, da Buda, wanda ya tambayi lafiyata kafin ya dubi keken.